'Yar Paris a Gidan Suna na Meyzieu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Hadiza ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan Lyon ba za su bari ba. Abin ya daɗe da wucewa, amma har yau idan na tuna ina cikin wanke kwano sai na ajiye soso na ce "kash" ni kaɗai a ɗaki.

Ni da Hadiza 'ya'yan wa da ƙane ne. A ɗaki ɗaya muka tashi a Maraɗi, a hannun Gwaggo Rabi, yayar ubanninmu, wadda ta riƙe mu da sana'arta ta sayar da takalma da jakunkunan mata a cikin gida. Ni ce babba (da kaɗan ne, amma girma girma ne, kuma ni ban taɓa yafe wa kowa nawa ba). Ni na fara zuwa Faransa karatu. Ni na tarbi Hadiza a filin jirgi da ta biyo baya, na koya mata yadda ake rungume jaka a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na nuna mata inda ake samun kuɓewa da daddawa a unguwar Goutte d'Or ta Paris. Daga baya ta koma Lyon ta ƙarasa karatunta, ta auri wani injiniya ɗan Tawa mai suna Isuhu. Ni kuma na tsaya da aikina na gwajin jini a wani asibiti, ba aure, ba hayaniya.

A gida kowa da "ta Paris" ya san ni. Gaskiyar magana kuwa a Aubervilliers nake zaune. Ga wanda bai san wurin ba, akwai wata babbar hanya da ta kewaye Paris kamar zobe. Abin da ke cikin zoben shi ne Paris. Abin da ke waje, ko da kana hango shi daga cikin, wani gari ne daban mai magajin garinsa, kuma sunansa banliyo, wato bayan gari. Ɗakina yana bayan zoben ne, tagata tana kallon sito-siton 'yan sari, inda manyan motoci ke sauke kwalayen takalma da riguna tun da asuba. Shi ya sa duk hoton da zan tura gida sai na yi kwalliya, na shiga metiro, na je bakin kogi ko gindin hasumiyar ƙarfen nan tukuna. Hadiza ta san komai, tunda ta yi watanni tana kwana a katifar ƙasa a ɗakin, amma ba ta taɓa tona mini asiri ba.

Kishin ya fara ne daga tumatir. Hadiza da mijinta suka sami gida mai ɗan fili a baya, ta riƙa turo hotuna a gurup ɗin danginmu: yau tumatir ya nuna, gobe yakuwa ta fito, jibi Isuhu yana yanke ciyawa da inji. Dangi suna ta "Masha Allah". Ni ma ina rubuta "Masha Allah", har da alamar zuciya, amma Allah ya sani yatsana ne kawai ke rubutawa. Ni da shukar na'ana'a ɗaya na taɓa ajiyewa a taga, ita ma hayaƙin motoci ya kashe ta.

Sai ga Hadiza da ciki, sai ga labari Gwaggo ta sami biza za ta zo wankan jego. Na yi murna ta gaske. Shekaru na yi ina mafarkin ranar da matar nan za ta zauna a ɗakina, in dafa mata, in zaga da ita gari, ta koma Maraɗi ta ce riƙon da ta yi mini bai tafi a banza ba. A al'adarmu kuma baƙon da ya zo daga gida wajen babba yake fara sauka, ko da kwana biyu ne, sannan ya wuce. Ga shi jirgin a Paris zai sauka. Na sayi sabuwar katifa, na ɗauki hutu a wurin aiki, na sa labule mai kauri a tagar nan. Lissafina shi ne Gwaggo ba ta karanta boko, metiro kuwa ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, to wa zai gaya mata ta tsallake zobe?

Ana saura kwanaki kaɗan ta kira ni. "Ɗiyata, kada ki wahal da kanki. Isuhu ya yanka mini tikiti, daga jirgin sama sai jirgin ƙasa, sai Liyon. Ke kina tsakiyar birni, an ce ɗakunanku can ƙanana ne, kada in matse ki. Mu haɗu wurin suna."

Na ce to, Allah ya kawo ki lafiya. Da na ajiye wayar na zauna a kan sabuwar katifar na yi kuka, irin kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Na san mai jiran haihuwa ta fi ni buƙatarta, kowa ya san haka. Amma abin da zuciyata ta ji shi ne an tsallake ni an je wajen ƙarama mai tumatir.

Ina cikin wannan hali Hadiza ta haihu, ta turo adireshin gidan suna. Na duba, na sake dubawa. Ba Lyon aka rubuta ba, Meyzieu aka rubuta. Na buɗe taswira a waya, sai ga Meyzieu can gabas, an wuce Lyon, an wuce wani gari, an wuce wani, har an fara ganin koren gonaki. Wallahi wani sanyi na ji ya ratsa ni. Ashe "Hadiza ta Lyon" ma 'yar bayan gari ce! (Kada ku tambaye ni yadda aka yi mai zama a Aubervilliers ta yi murna da wannan. Ni ma na tambayi kaina daga baya.)

Daga ranar na koma ɗaliba. Duk hutun cin abincin rana, abokan aiki na hira, ni ina kan taswirar Lyon. Na haddace garuruwan da suka kewaye ta kamar mai shirin jarrabawa: Villeurbanne da ta manne mata har ba a gane iyaka, Bron, Vénissieux, Saint-Priest, Vaulx-en-Velin, Décines, da na kan tuddai a yamma inda masu hali ke zama. Na san inda metiro ya tsaya, na san inda sai taram, ɗan jirgin ƙasan nan mai bin titi, na san inda sai bas. Ko lokacin da nake karatun digiri ban yi ƙwazo haka ba. Burina ɗaya ne, Gwaggo ta gane cewa ta bar birni ta tafi ƙauye, ta tattara kayanta ta biyo ni ko na mako guda ne.

Ranar Asabar na yi sammako na hau jirgin ƙasa. Na fara biyawa Guillotière, unguwar shagunan baƙi a Lyon, na sayi turmin atamfa da kayan jarirai masu tsada fiye da ƙarfina, don kada a ce ta Paris ta zo da abin kunya. Sannan na koma tasha na shiga taram mai zuwa gabas. Duk tashar da muka wuce sai in ji daɗi ya ƙaru. Dogayen gine-gine suka fara gajarta, shaguna suka ragu, bishiyoyi suka yawaita. Da na hango wani tsoho yana ban ruwa a lambu, har murmushi na yi masa, bawan Allah bai san shaida nake tarawa ba.

Murmushin ya ƙare a ƙofar gidan. Ɗan gida ne fari, tsaf, ga mota a gefe, ga ƙamshin naman rago yana tashi daga baya. Maza suna falo tare da Isuhu, mata kuma an shimfiɗa musu tabarmi a filin baya, ƙarƙashin wata bishiya, dab da tumatir ɗin nan da na sani a hoto. A tsakiyarsu ga Gwaggo, ta yi fes, ta ƙara ƙiba, sanye da rigar sanyin Hadiza, jaririya a cinyarta. Na durƙusa muka gaisa, ta shafa kaina da hannu ɗaya, ta ce na rame. Hadiza ta rungume ni tana "Yaya, kin sha hanya", ita da gaske take murna, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Sannan aka gaya mini sunan yarinyar: Rabi'atu. Takwarar Gwaggo. Na ce Allah ya raya, na ji muryata ta fito siririya.

Aka kawo dambu da zogale, aka kawo shinkafa da nama, ana ci ana hira. Matan duk 'yan ƙasarmu ne, wasu sun daɗe a Faransa har 'ya'yansu sun yi aure. Babbarsu ita ce Hajiya Balki, wata doguwar mata mai murya kamar ta mai shela, wadda kowa ke kira Tanti. Ni ban tsaya na tambayi kowa inda take zaune ba. A kaina na riga na yanke cewa duk daga cikin Lyon suka fito, sun daure ne suka zo wa Hadiza kara har ƙauye.

Sai Gwaggo ta miƙe ƙafa ta ce, "Ni dai Liyon ta yi mini. Ga iska, ga hili, ba hayaniya. Wanga gari akwai daɗin zama."

Abin da nake jira ke nan. Na ajiye cokali, na goge baki, na ce, "Gwaggo, ai nan ba Lyon ba ce."

Ta ce, "To ina ne?"

"Meyzieu ake ce da nan. Lyon tana can baya, mun baro ta tuni. Nan banliyo ne, Gwaggo, bayan gari. Kamar a ce mutum yana Tibiri ya ce shi ɗan Maraɗi ne."

Da a nan na tsaya, da an ɗauka wasan 'yan'uwa ne. Amma karatun da na sha ba zai tafi a banza ba. Na gyara zama, na ja faranti na mai da shi Lyon, na ɗauko ƙasusuwan rago ina jerawa a gefensa. Wannan Villeurbanne ce, ita da sauƙi, tana raɓe da birni tana cin albarkacinsa. Wannan Bron. Wannan Décines, ita da ƙauye duk ɗaya. Wannan kuma Vénissieux, na ce, *franchement* ni ko kyauta aka ba ni ɗaki can ba na zama, wurin da sai dai ka ji sunansa a labarai. Na ce duk wanda zai sayi barkono sai ya hau taram ya yi tafiya, wannan ba zaman birni yake ba, zaman haƙuri yake. Na ce mu a Paris abin a fili yake, akwai zobe, wanda ke ciki ɗan birni, wanda ke waje ɗan ƙauye, ba a wani ɓoye-ɓoye.

Na lura wurin ya yi tsit, amma na ɗauka ilimina ne ya burge su. Hadiza tana ta ƙifta mini ido, ni kuma na ɗauka kunya ce ta kama ta, har na ji tausayinta kaɗan.

Hajiya Balki ta miƙo hannu ta ɗauki ƙashin da na sa wa suna Vénissieux, ta juya shi, ta ce, "*Ah bon?* To ni a wannan ƙashin nake zaune tun kafin ki iya ɗaura zane. A nan na haifi 'ya'yana duka."

Wata daga gefe ta ce, "Ni Décines." Wata ta ce, "Mu Bron." Aka bi layi kamar ana kiran suna a aji. A duk tabarmin nan babu mace ɗaya da ke kwana a cikin Lyon. Na ji zufa tana gangaro mini ta cikin ɗankwali, na fara "a'a, Tanti, ba haka nake nufi ba", alhali kowa ya ji abin da nake nufi, da ƙasusuwa ma na zana shi.

Gwaggo ce ta katse shirun, kuma na tabbata ceto na ta yi niyya. Ta ce, "Ku yi mata haƙuri, ita ta saba da tsakiyar birni. Ni kuwa da za a bi tawa, bayan garin nan nika so. Akwai wani wuri can wajen Paris, Obarbiliye, inda 'yan kasuwarmu ka saro takalma da jakkuna. Kayan da nika saidawa masu kyau duk daga can suka hitowa. Shekara da shekaru ina ba mutane saƙo, su kawo mini abin da sunka ga dama. Na ce in Allah ya kawo ni ƙasar ga, sai na taka wurin da ƙahwata, in zaɓa da idona."

Ta nuna ni da haɓa. "Na taɓa tambayar wagga ko kusa da ita ne. Ta ce mini nesa ne ƙwarai, ita ba ta taɓa zuwa ba, wai wurin 'yan dako ne da kwalaye. Shi ya sa ban ɗora mata ba. Isuhu ya ce in ya samu sarari shi kai ni, mu tahi da sahe mu komo da marece."

Obarbiliye dai ita ce Aubervilliers ɗina. Sai a lokacin na tuna wata waya da muka taɓa yi da ita. Shekarun baya ne, ina sauri zan fita aiki, ta yi mini tambayar, na ba ta amsar da ta zo bakina don kada asirina ya tonu, na manta. Ita ba ta manta ba. Na saci kallon Hadiza, ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya hula, ta bar ni da halina.

Har a nan da sauran rufin asiri. In na yi shiru, zan koma a 'yar Paris mai girman kai, wanda ai ba sabon abu ba ne. Na kuma yanke shawarar yin shirun. Sai Hajiya Balki ta tafa hannu.

"Haba Hajiya, wace irin tafiya ce a yini ɗaya? Ɗiyata Nafisa tana aure a La Courneuve, maƙwabtan Obarbiliye ne, bas ɗaya za ki hau. Ki sauka wajenta ki yi mako guda, ta zaga da ke sito-sito. Ita ba ta ƙyamar bayan gari. Bari ma in kira ta yanzu."

Ta ciro waya. Gwaggo ta washe baki tana "Allah shi yi mata albarka, ɗiyar kirki". Ɗiyar kirki! Wata Nafisa da ban taɓa gani ba za ta dafa wa Gwaggona abinci, ta riƙe mata jaka, a koma Maraɗi ana ambaton sunanta, ni kuma ina tsallaken titi da sabuwar katifa. Na haƙura an ba Hadiza, ita ko ba komai jinina ce. Amma Nafisa?

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Ba inda za ta sauka! A can nake!"

Hajiya Balki ta sauke wayar daga kunne. "A ina kike?"

"A Aubervilliers." Muryar ta ragu. "Tagata ma sito take kallo."

"Cikin zobe ko wajen zobe?"

"Waje, Tanti."

Dariyar da aka yi, sai da maza suka leƙo daga falo suna tambaya ko lafiya. Ta Décines ta kwanta a kan tabarma tana riƙe ciki. Wata ta ɗauko ƙashi mafi ƙanƙanta ta ajiye can nesa da faranti, kusa da takalman mutane, ta ce ga gidan 'yar Paris. Hajiya Balki ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, tana share hawaye, ta ce, "Zauna, 'yar'uwa. Mu 'yan ƙauye ba ma ƙin namu."

Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Ashe duk shekarun ga da nika roƙon bare su duba mini kaya, ɗiyata na kwana bakin ƙohwar wurin?" Dariyar matan na iya ɗauka, amma wannan tambayar ta fi duk abin da aka yi mini a ranar ciwo.

Bayan arba'in ta zo. Ta yi kwanaki a ɗakina, kuma abu na farko da ta yi shi ne yaye labulen nan ta ɗaure shi gefe. Ta tsaya tana kallon motoci suna sauke kaya, ta kira ƙawayenta na Maraɗi ɗaya bayan ɗaya: "Kun san inda nike? Obarbiliye, cikin tsakiyarta! Ɗiyata nan ta zamna!" Hutun da na sake ɗauka a dakon kwalaye ya ƙare, daga wannan sito zuwa wancan, tana ciniki da hannu da Hausa, ina fassara ina haki. Sau ɗaya na ce mu je ta ga hasumiya, ta tambaye ni ko ana sayar da wani abu a can.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za ka zagi unguwa a gidan biki, fara tambayar mutanen tabarma inda suke kwana. Idan kuma za ka yi wa na gida ƙaryar inda kake zaune, to ka shirya wata rana su gaskata ka, su wuce ƙofarka da jakarsu su sauka gidan wani. Kishin kuwa ban ce ya warke ba. Ranar da na raka Gwaggo tasha za ta koma wajen takwararta, tun kafin jirgi ya tashi ta fara kiran Hadiza tana tambaya ko yarinya ta yi barci, ni kuma ina tsaye a bakin taga ina ɗaga mata hannu, ba ta ma gani ba.